Mai Neman Motar Iyali Ya Fara Da Kujerar Baya

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a 'yan makonnin nan yawancinsu sun karkata ne wuri guda, watau batun motar iyali. A cikinsu akwai ta wani ma'aikaci mazaunin Fatakwal, wadda na ga ta ƙunshi tambayar sauran duka. Malamin yana da 'ya'ya uku: babbansu shekararsa shida, mai bi masa mace ce 'yar shekara uku, sa'an nan ga jariri ɗan wata biyar. Ya daɗe yana tara kuɗi, amma abin da ya tara ba zai kai shi ga sabuwar mota ba, sai dai ta hannu. Maiɗakinsa kuwa ta kafe a kan lalle sai kowane yaro ya sami irin kujerar nan ta yara da ake ɗaurewa a cikin mota, domin sau biyu a shekara suke yin doguwar tafiya zuwa ganin gida. Abin da yake so ya sani shi ne, wace mota ce aljihunsa zai iya, wadda kuma za ta ɗauki kujerun nan uku ba tare da an yi kokawa ba.

Kafin in ambaci sunan kowace mota, bari mu dubi yadda muka saba sayenta. Mutum zai je wurin dillalai da bakanikensa, su kewaye motar suna shafa fenti, a ɗaga bonet a saurari inji, a kunna na'urar sanyi, a gwada rediyo, a yi ta muhawara a kan ko ƙirar 2006 ce ko ta 2008. Sai an kusa kammala ciniki sa'an nan wani zai buɗe ƙofar baya ya leƙa, ya ce ai da fili. Shi ke nan, an gama duba wurin da 'ya'yan mutum za su zauna shekara biyar ko goma masu zuwa. Shawarata ga mai wasiƙar nan da ire-irensa ita ce su juya tsarin, su fara da kujerar baya. In ta ci jarrabawa a wuce zuwa inji. In ta faɗi, a nemi wata motar komai daɗin kukan injinta.

Na san akwai masu cewa duk wannan fi'ilin 'yan boko ne, ai mu ma a bayan Peugeot 504 muka tashi, mu bakwai ko takwas a cushe, ga mu kuwa da ranmu. Gaskiya ne ga mu nan. Amma waɗanda ba su tsira ba, ba su nan balle a ji ta bakinsu. Lissafin abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne na cikin gari, in ta daki abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, daidai da wanda ya faɗo daga tsawon mita goma, watau kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu uwar da ƙarfin hannunta zai riƙe jariri a wannan hali, komai son da take yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, ta kuma ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari.

Bel ɗin manya fa, ba zai wadatar ba? A'a. Bel mai ratsa kafaɗa da cinya, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa kamfanin Volvo a 1959, da jikin babban mutum aka auna shi. In aka ɗaura wa ɗan shekara huɗu, sai ya bi ta wuyansa, ya kuma hau kan tumbinsa maimakon ƙashin ƙugu, ranar haɗari kuwa nan ne zai yanka. Shi ya sa aka yi wa yara nasu mazauni. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da dabarar kujera mai fuskantar baya a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine a cikin kumbo domin gadon bayansu duka ya ɗauki ƙarfin tashi. Kan jariri ya yi wa jikinsa nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. In yana fuskantar baya sai kujerar ta tallabe kai da wuya da baya gaba ɗaya. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen iyaye kada su zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. Ke nan duk 'ya'yan mai wasiƙarmu a baya za su zauna, a nan kuwa gizo ke saƙar.

Kujerun da zai saya iri uku ne, kowacce da irin filin da take ci. Ta jaririn tana fuskantar baya, a kishingiɗe take kuma, don haka tsawo take ci. A ƙaramar mota sai an tura kujerar gaba sosai kafin ta shiga, har mai zama a gaban ya rasa inda zai sa gwiwarsa. Ba kuwa abin wata ɗaya ko biyu ba ne, domin ƙa'idar da aka kafa a Turai a 2013 ba ta yarda a juyo da yaro ya fuskanci gaba ba sai ya cika wata 15. Ta 'yar shekara ukun mai faɗi ce, mai manyan kafaɗu, tana da ɗamarar kanta. Ta babban yaron kuwa kamar matashin zama take, aikinta ta ɗaga shi domin bel ɗin motar ya zauna masa daidai, zai kuma yi ta amfani da ita har tsawonsa ya kai wajen santimita 135 zuwa 150. Wannan ta ukun ita ake mantawa da ita wajen lissafi, alhali ita ta fi ba da wahala, domin kullum aka shiga mota sai an zura hannu tsakaninta da maƙwabciyarta an lalubo makullin bel. In kujerun sun matse juna har hannu ba ya shiga, kafin mako biyu za a gaji a daina ɗaurawa.

Saboda haka ranar zuwa duba mota a tafi da tef irin na tela. Yawancin kujerun yara faɗinsu tsakanin santimita 43 ne zuwa 50, uku ke nan suna bukatar daga 130 zuwa 150. A rufe ƙofofin baya, a auna daga wannan ƙofa zuwa waccan a inda ya fi ƙunci. Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan ƙasar nan, faɗin jikinta duka daga waje mita 1.7 ne, a ciki kuwa ko a daidai kafaɗa bai wuce wajen santimita 136 ba. Mai 'ya'ya biyu da wuya ya sami abin da ya fi ta. Ba ta shan mai, kayan gyaranta suna ko'ina daga Ladipo a Legas har Ƙofar Ruwa a Kano, babu kuma garin da za ta lalace a rasa wanda ya san ta. Haka 'yan'uwanta Toyota Matrix da Pontiac Vibe, masu inji iri ɗaya da nata mai lita 1.8, waɗanda ma suka fi ta sauƙin loda kaya. Amma kujera uku a jere a cikinsu sai an dace da sirara ƙwarai, ni kuwa ba zan ce wa mai iyali ya dogara da dace ba.

Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 ta fi Corolla faɗi da kusan santimita goma, ita da Honda Accord ta zamaninta, a cikinsu kujeru uku sukan shiga in an zaɓe su da kyau. Sai dai a lura da mazaunin tsakiya, wanda a yawancin motoci yakan yi tudu, kujerar yaro ta hau kansa tana rawa. A kuma dubi bel ɗinsa. Tsofaffin motoci da yawa bel ɗin cinya kaɗai suke da shi a tsakiya, domin ko a Amurka sai daga Satumba 2007 ne ya zama dole kowane mazaunin baya ya sami mai ratsa kafaɗa. Bel ɗin cinya yana iya riƙe wasu kujerun masu ɗamarar kansu, amma irin ta babban yaron ba a ɗora ta a kansa ko kaɗan.

Sa'an nan ga jif, abin son kowa. Ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V na waɗancan shekaru tsayi kawai suka fi sauran motoci da shi, faɗinsu kusan ɗaya ne da na Camry. Mutum zai ƙara kuɗi masu yawa ya sayo tsayi, alhali faɗi ya fita nema. Tsayin yana da ranarsa in hanyar garinku ta lalace ko kuna ratsa ruwa da damina, wannan ban musa ba, amma bai ƙara wa kujerar baya ko taƙi ɗaya ba. Highlander mai jeri uku kuwa, jerin ƙarshen ƙanƙane ne, in aka ɗaga shi wurin kaya ya tafi, jakunkunan tafiyar salla su rasa wurin zama.

Akwai kuma wani lissafi wanda masu ƙera motocin ba su yi ba, mu kuwa dole mu yi shi. A wurinmu motar mutum ba tasa ba ce shi kaɗai. Ranar biki ko suna ko ta'aziyya akwai kaka, akwai ƙanwar uwargida mai taya reno, akwai maƙwabciyar da ba a iya wuce ta a bakin hanya. Mota mai mazauni biyar in aka ɗaura mata kujerun yara uku ta cika maƙil: maigida a sitiyari, uwargida a gefensa, babu wurin ko mutum ɗaya. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Kunya ba za ta bari a ce wa suruka ta shiga motar haya ba, sai a kwance kujera ɗaya a jefa a but, a ɗora yaron a cinya, a ce ai nan kusa ne. Gobe ma wani dalilin zai taso, daga nan kujerar ta zama 'yar but ke nan. Ga kuma ƙaruwa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaiciyar haihuwar mace a Nijeriya ta kai 5.3, saboda haka mai uku yau ba abin mamaki ba ne ya zama mai huɗu kafin motar ta tsufa. Ni a ganina mai ƙananan 'ya'ya uku ya riga ya shiga sahun masu bukatar mazauni bakwai, ko yana so ko ba ya so.

A wannan sahu Toyota Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010 ce kan gaba. Ba mai kiranta kyakkyawa, wasu ma gudunta suke yi wai kada a ɗauke su direbobin haya. Amma faɗinta ya kusa mita biyu, tana da jeri uku na gaske masu ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ko an cika ta kuwa akwai rami mai zurfi a baya na zuba kaya. Ƙofofinta na baya zugewa suke yi, duk uwar da ta taɓa ƙoƙarin fito da jariri a wurin ajiye motoci mai matsi ta san darajar wannan, yaro kuma ba zai banko ƙofa a gaban mai babur ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne: inji mai silinda shida, lita 3.3 ko 3.5, mai ƙishirwa. Bisa awon da aka yi a Amurka, a cikin gari takan sha wajen lita 14 a kilomita ɗari, inda Corolla ke shan wajen 9. Mai yin kilomita dubu a wata zai ƙara lita 50 ke nan, watau lita 600 a shekara. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai, ana iya kau da kai daga wannan bambanci. Yanzu kam sai mutum ya ɗauki alƙalami ya ninka da farashin gidan man unguwarsu, ya ga ko albashinsa zai ɗauka. A guji mai ja da ƙafa huɗu, domin ta fi shan mai, ba ta kuma zuwa da safaya taya.

Wanda ya ga man Sienna ya fi ƙarfinsa, akwai na Turai waɗanda yawancinsu silinda huɗu gare su. Volkswagen Sharan da 'yan'uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1990, suna da wata baiwa da ba kowace mota ke da ita ba: jerin tsakiyarsu kujeru uku ne rarrabe, kowacce da cikakken faɗinta. Kujerun yara suna zama a kansu kamar dominsu aka yi. Matsalar ita ce 'yan haya sun riga sun gano amfaninsu, tashoshin Arewa cike suke da su, samun wadda ba ta sha lodi ba sai an tona, ga kuma maganar bel ɗin tsakiya da na ambata. Peugeot 307 SW ma haka jerin bayanta yake, uku rarrabe, sai dai rufinta na gilashi ne, abin da ya fi dacewa da sanyin Faransa a kan ranar Sakkwato, wayoyinta kuma suna son bakaniken da ya san Peugeot na zamani, ba wanda iliminsa ya tsaya a 504 ba. Kafin a sayi ɗaya daga cikin waɗannan, a zaga kasuwar kayan gyara ta garin da ake zaune a tambayi farashin famfon ruwa da birki da kayan ƙafa da gilashin gaba. In masu shaguna suka fara cewa sai an aiko daga Legas, to, arhar motar ta ƙare a nan.

To, malam mai wasiƙa, in ni ne kai Sienna zan nema, ko da za ta girmi Camry ɗin da kuɗina za su iya da shekara biyu ko uku, in kuma rage zirga-zirgar da ba dole ba domin in fanshe man. In lissafin man ya ƙi fita ko ta yaya, sai Camry, amma da sharaɗin an gwada kujerun a ciki, an kuma yanke shawara tun a gida cewa ba za a kwance ɗaya saboda baƙo ba.

Ko wacce aka zaɓa, akwai wani abu da ya kamata a lalubo da hannu. A zura yatsu a tsagar da ke tsakanin mazauni da jingina na kujerar baya. In an taɓa wasu ƙananan ƙarafa biyu masu kama da mariƙin akwati, da tazarar santimita 28 a tsakaninsu, to, motar tana da maƙalan kujerar yara, waɗanda a Turai ake kira ISOFIX, a Amurka kuma LATCH. Sun zama dole a motocin Amurka da aka ƙera daga Satumba 2002, saboda haka yawancin tokumbon da ke zuwa mana daga can suna da su, masu motocin ne ba su sani ba. Amfaninsu shi ne kujerar tana maƙalewa kai tsaye a jikin ƙarfen mota, kuskuren ɗauri ya ragu. A mafi yawan motoci gefe biyu kaɗai ke da su, ban da tsakiya. Rashinsu bai kashe mota ba, bel ma yana riƙe kujera da kyau in an bi hanyar da aka zana a jikinta. Gwajin dai ɗaya ne: bayan an ɗaure, a kama kujerar daidai inda ɗaurin ya ratsa a girgiza, in ta motsa fiye da inci guda ba ta ɗauru ba.

Yanzu sai maganar da dillalai ba su so. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas, daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su, a gyara nan gida, a fesa fenti. Gyaran jiki ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye. Laifin yana wurin abin da ido ba ya gani, watau jakar iskar da ta fashe aka rufe gurbinta babu komai a ciki, da bel ɗin da ya riga ya yi aikinsa sau ɗaya ya saki. A jawo kowane bel na baya har ƙarshensa. In an ga zanen ruwa ko laka ko fumfuna a can ciki, motar ta sha ambaliya. A fizge shi da ƙarfi, lafiyayye zai cije nan take. A murɗa makulli a dubi fitilar jakar iska a gaban direba. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sa'an nan ta mutu. In ta zauna a kunne akwai matsala, in kuwa ba ta kama ba sam, wataƙila wani ne ya cire ƙwan don ya rufe mata baki. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da ita ake bincika tarihin motar Amurka ta intanet, a kuma ga ko tana cikin miliyoyin da aka yi wa kiranye saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda zafi da laima ke sa su fashe su watsa ƙarfe. Corolla da Accord na shekarun da muka ambata suna cikin waɗanda abin ya shafa, mazaunin Fatakwal kuwa ba sai an ba shi labarin zafi da laima ba. Tun da an zo kan jakar iska, kada a kuskura a ɗaura kujerar jariri mai fuskantar baya a gaba in akwai jakar a wurin, domin a ƙeyar kujerar za ta fashe.

Motocin da aka juya wa sitiyari a gareji kuwa, arha gare su, amma ba na mai iyali ba ne. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wasu ƙananan bas da aka yi domin Ingila ko Japan kuwa ƙofarsu ta fasinja tana hagu, watau yara za su riƙa sauka ta tsakiyar titi.

Game da kuɗi, kada a kai duk abin da aka tara hannun dillali. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin tokumbo ya yi tashin gwauron zabo, har mutane da yawa suka koma sayen wadda aka yi amfani da ita a nan gida. Wannan ba aibu ba ne. Motar da ka san mai ita, ka san bakanikenta, sau da yawa ta fi wadda ta sauka jiya daga jirgi ba a san abin da ta gani ba. Ko wacce ce dai, ni nakan ce a ware wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a ajiye gefe, domin taya da birki da juyen baƙin mai da batir da canjin suna a takardu da inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 a Janairu 2023, duk a watan farko suke ƙwanƙwasa ƙofa, ga kuma kujerun yaran kansu. A tabbatar takardar kuɗin fito ta kwastan sahihiya ce. Mai doguwar tafiya zai haɗu da masu tambayarta, ba kuwa daɗi a tsare mutum a hanya da jariri cikin rana. Mai niyyar juya motarsa ta koma amfani da iskar gas ya tuna tukunyar a but take zama, sau da yawa ita ce ke cinye filin da aka sayi motar dominsa.

Kujerun ma yawancinmu na gwanjo za mu saya, sababbi sun yi tsada. A juya ƙasan kowacce a nemi ranar ƙira, domin roba tana tsufa, masu ƙerawa sukan ba ta shekara shida zuwa goma, zafin ƙasarmu kuwa ba ya ƙara mata kwana. A nemi tambari mai ruwan goro ɗauke da R44 ko R129 in ta Turai ce, ko rubutun da ke nuna ta cika ƙa'idar Amurka mai lamba 213. Wadda ta tsage, ko ɗamararta ta fara zarewa, ko aka ga alamar an ɗinke ta da hannu, a bar ta inda take. Irin 'yan tsummokaran nan masu igiya da ake rataya wa kujera, waɗanda ake tallarsu a intanet da sunan kujerar yara, ba su da abin da za su tsinana ranar haɗari.

Ranar da za a je ganin motar a tafi da kujerun duka uku. In ba a saya ba tukuna a ara wurin abokin aiki, ko a fara sayensu kafin motar. A ɗaura su a gaban dillali, a rufe ƙofofi biyun, maigida ya zauna a sitiyari ya gyara kujerarsa yadda ya saba tuƙi, uwargida ta zauna a nata wurin, babban yaron ya gwada ɗaura bel da kansa. A tura ɗan maɓallin nan da ke gefen ƙofar baya, wanda ke hana ta buɗuwa daga ciki, a ga ko yana aiki. A sa babbar jaka biyu a but a ga ko zai rufu. Duka wannan ba zai ci rabin awa ba. Dillalin zai yi ta duban agogo, ya ce akwai wani mai zuwa da kuɗi da yamma. A bar shi ya duba. In kuwa ya hana a gwada, a yi masa sallama a shiga fili na gaba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dubi yadda ake karanta shekarun taya a jikinta, domin wasiƙu biyu sun zo a kan haka daga Jos da Ibadan.